Ni Ba Na Ƙona Bakin Tsirkiya

Kunnena ne ya fara gaya mini, ba idona ba. Ranar Talata ce, tsakiyar watan Afrilu, wajen ƙarfe huɗu saura. Na shigo filin tanis na makarantar da nake yi wa aiki, da jaka a kafaɗa, raket biyar a ciki da na gama wa 'yan matan, sai na ji Zara ta buga ƙwallo a fili na ɗaya. Raket ɗin da ya fito daga hannuna yana da murya. "Tum" yake cewa, mai zurfi, kamar ƙwarya a kan ruwa. Wannan kuwa "kas" ya ce, kamar an kwaɗa wa ƙofa katako. Na tsaya cak a jikin wayar da ta kewaye filin. Ta sake bugawa, ya sake cewa "kas". A bugu na uku ta saki raket ɗin, ta kama gwiwar hannunta, ta durƙusa a ƙasa.

Sunana Murja. Sana'ata ɗaura wa raket tsirkiya. Ku samari da 'yan matan da kuke leƙowa shagonmu na Wheaton a nan Amurka, ku jingina da kanta kuna kallona, ku ce, "Anti, wannan ma aiki ne? Ba inji ke yi ba?", dominku nake rubuta wannan. Ni ba tsohuwa ba ce. Shekaruna ashirin da biyar, shida daga ciki a tsaye na yi su gaban injin nan. Amma abin da na gani bana ya isa in yi magana, kuma zan yi.

Daga Fagge na zo, bayan na gama sakandare, wurin Gwaggo Binta da ke aikin asibiti a Largo. Aikin farko da na samu shi ne tsaron kanta a shagon gyaran takalma. A kusurwar baya akwai wani tsoho da injinsa, Baba Issufu, mutumin Maraɗi, wanda ya koyi aikin raket tun yana saurayi a kulob ɗin Turawa a Yamai. Shi ne ke kiran zaren da tsirkiya, wai kamar ta baka, kamar ta garaya, in ta yi daidai sai ta yi magana. Wata uku na yi bai bar ni na ja ko ɗaya ba. Aikina in yanke tsohuwar, daga tsakiya zuwa gefe don kada jikin raket ya karkace, in shimfiɗa masa a tebur, in gaya masa wane irin mutum ne ya buga da ita. Mai bugu da ƙarfi ne ko mai shafa? A tsakiya yake samun ƙwallo ko a gefe? Yana barin raket a but ɗin mota cikin rana? In na faɗa ba daidai ba sai ya ce, "Sake dubi, ɗiyata. Ita ba ta ƙarya."

Raket na farko da na ɗaura na wani likitan haƙori ne. Awa biyu da rabi na yi. Layi sha shida a tsaye, sha tara a kwance, sama, ƙasa, sama, ƙasa, kamar saƙar tabarma, yatsuna duk sun yi ja. Na miƙa wa Baba ina murmushi. Ya ɗaga shi wajen haske, ya sa farce a layi na sha ɗaya, inda na tsallake guda na bi ta sama sau biyu. Almakashi ya miƙo mini. Da hannuna na yanke aikina.

Kayan aikin ba su da yawa: inji mai juyawa, matsi biyu da ke riƙe tsirkiya bayan an ja, basilla, filaya, da abin yanka. Inji ja kawai yake yi. Bai san cewa yarinya 'yar sha biyar mai siririn hannu ba ta ɗaukar abin da ƙato ke ɗauka ba. Bai san an shiga sanyi, ko an fita ba. Baba da kilo yake awo, ni da laba irin ta Amurka, kullum muna faɗa a kan haka. Amma a kan ƙulli ba mu taɓa faɗa ba. A shagonmu tsirkiya ɗaya ake yi, doguwa, daga farko har ƙarshe, saboda haka ƙulli biyu ne kawai a raket. Ka ja ƙullin da hannu, ba da inji ba, ka yanke bakin ka bar tsawon ƙwayar shinkafa biyu. Ba gam, ba wuta. Wuta na kashe tsirkiya, tana cin robar da ke kare ramin. Ku riƙe wannan, za ku ga amfaninsa.

Bana shekara ta uku ke nan ina yi wa babbar ƙungiyar 'yan mata ta makarantar nan aiki. Su goma sha biyu ne, kocinsu wata Ba'amurkiya mai suna Dana, doguwa, mai shaƙaƙƙiyar murya. Kowace yarinya na san hannunta fiye da fuskarta. Akwai mai tsinka tsirkiya duk sati biyu. Akwai wadda nata ke shekara, sai na roƙe ta ta kawo. Ta ɗaya a cikinsu ita ce Zara, 'yar Alhaji Seidu da Hajiya Fati, mutanen Zangon Kumasi da ke zaune a Fort Washington. A nan aka haife ta. In na ce, "Zara, ya makaranta?" tana ji sarai, amma da Turanci za ta amsa, sai "Anti Murja" kawai take faɗa da bakinmu. Hannunta siriri ne, bugunta na dabara ne, ba na ƙarfi ba. Farar tsirkiya mai laushi nake sa mata, laba hamsin, ban taɓa wucewa ba.

Kakar wasa ta fara da iska da sanyi. Wasa biyu na farko a Maris an cinye su, yara suna buga ƙwallo da yatsu a sandare. Na sassauta wa yawancinsu laba biyu saboda sanyin. Daga nan suka ci biyar a jere, Zara ba ta faɗi ko sau ɗaya ba. Iyaye suka fara zuwa da kujerun naɗi da fulas. Aka fara maganar gasar gunduma da za a yi a watan Mayu. Koci Dana ta ce da ni, "Ke ma 'yar ƙungiya ce," ta ba ni riga mai launin makarantar. Ranar Talatar nan ita ce a jikina.

Ni na riga kowa isa wurin raket ɗin, don kowa kan yarinyar ya yi. Na ɗaga shi. Ga ɗan liƙen shagonmu a wuyansa, da rubutun hannuna: hamsin. Amma tsirkiyar baƙa ce, mai tauri kamar wayar shinge. Na danna da tafin hannu, ko motsi ba ta yi ba. Babban yatsana ya bi gefe yana ƙirga ƙulli. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Kowanne da ɗan baƙin dunƙule a bakinsa, mai santsi. An narka shi da wuta.

"Sakar mini kayan 'yata!"

Hajiya Fati ce. Ta fizge shi daga hannuna.

Na ce, "Hajiya, don Allah ki duba, wannan ba..."

"Ba mene? Ga sunan shagonku! Kwana huɗu yarinyar nan tana cewa hannu, hannu, ina shafa mata man zafi. Ashe ke ce. Ni ban yarda ba koraa, ko kaɗan. A gaban hukuma za ki yi bayani."

Da ƙarfi ta faɗa, da Hausa, sannan ta maimaita da Turanci don waɗanda ba su ji ba. Iyaye suka juyo daga kujerunsu. Na tsaya da rigar ƙungiya a jikina da jaka a kafaɗa, ban san inda zan sa ido ba.

Likita ya ce jijiyar gwiwar hannun ta ji ciwo, Zara ta gama wasa bana. Ya kuma tambaya ko an canza mata tsirkiya kwanan nan. Ranar Juma'a takarda ta iso shago daga ofishin wasanni na makarantar. Kada in taka harabar, kada in taɓa raket ɗin kowace ɗaliba, kada in yi magana da su, sai an zauna. A ƙasa an rubuta cewa iyaye na duba matakin shari'a. Gwaggo Binta ta karanta sau biyu a tsaye, da kayan asibiti a jikinta, ta ce, "Murja, a watan Yuni fa za ki je ganawar zama 'yar ƙasa. Suna tambaya ko an taɓa tuhumar mutum." Daga ranar, in ɗan sanda ya shigo jirgin ƙasa tsakanin Largo da Metro Center, sai in ga na ɓoye hannuwana a cikin hijabi. Waya in ta yi ƙara, sai ta katse ban ɗauka ba. Na yanke yatsana da abin yanka, abin da rabona da shi shekara huɗu.

Na rubuta wa Koci Dana cewa ba aikina ba ne. Ta amsa da layi ɗaya: an hana ta magana, in jira zama.

Baba Issufu ya saurare ni har na gama, yana goge basilla da tsumma.

"Ƙonanne kika ce?"

"Ƙonanne, Baba. Huɗu."

"Wa ya zo nan watan Fabrairu, ya tsaya bisa kanki awa guda, yana tambaya mi ne wanga, mi ne wancan?"

Sai na tuna. Alhaji Seidu ne. Ya kawo raket ɗin Zara da kansa, ya ƙi tafiya, ya ga yadda nake saƙa, ya yi dariya ya ce, "Wannan ai ko jikana ya iya. A intanet ma na ga ana sayar da injin." Ya ƙara da cewa manyan 'yan wasan duniya baƙar tsirkiya suke sawa, su ɗaure ta tamau, me ya sa nake ba 'yarsa ta tsofaffi? Na ce masa hannunta bai kai ba. Ya ce, "Yoo."

Baba ya ce, "Kuma layyar bara, gonar da muka tai sayen raguna. Wa ya yanke igiyar nailan, ya hiddo laita daga aljihu, ya ƙone bakinta don kada ta warware? Har ya yi wa tawa. Wala, shi ke nan."

Ana buga ƙusa a dunduniyar takalmi a gaban shago.

"Bon," in ji Baba. "Ga abin da za a yi. Ni zan ce ni na ɗaura, idona ya tsufa, na yi kuskure. Mi za su yi wa tsoho? Mutumin nan mai iyali ne, shi ke jan salla in liman ba ya nan. Ba a tona irinshi gaban matarshi da ɗiyarshi da Nasara. Ita ma yarinyar ta sani, kunyar uba ta rufe mata baki. Mu rufa mashi, Allah shi rufa muna."

Shekara shida ban taɓa mayar wa Baba magana ba. Ranar na mayar.

Na ce, "Baba, tun kafin a haife ni kake ƙulli biyu. Yau za ka tsaya gaban mutane ka ce kai ne ka ƙona bakin tsirkiya kamar mai ɗaure akuya? Kuma rubutun da ke jiki nawa ne, ba naka ba. In ka ce kai ne, za su ce mu biyu ne."

"To mi kike so? Ki nuna shi da yatsa?"

"Ba zan kira sunan kowa ba. Amma ba zan ce hannuna ne ba, kuma ba zan zauna ka ce naka ne ba. Ka sa na yanke aikin awa biyu da rabi saboda layi ɗaya. Wannan ƙazantar ba za ta shiga sunan shagon nan ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Bakinki ya yi kaifi, 'yar Kano."

Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Mako uku aka yi ana jira. Kakar ba ta jira kowa ba. Aka kwashi raket ɗin yaran aka kai wani babban kantin kayan wasanni, inda ake ɗaure na kowa awo ɗaya, mai siririn hannu da mai kauri. Yarinya ta biyu ta hau gurbin Zara, kowa ya matsa sama da mataki ɗaya, 'yan bibbiyu aka sake musu abokan wasa. Cikin wasa uku suka ci ɗaya. Wata daga cikinsu ta turo mini saƙo cewa raket ɗinta ya zama kamar kaskon suya. Na karanta, na ajiye wayar. Takarda ta hana ni amsawa.

Ranar zama, Talata da safe, na tarar da Baba a ƙofar makarantar cikin babbar riga shuɗiya, ta Salla. Ya karɓi jakar kayan aikina ya riƙe mini. Gwaggo ta ɗauki hutun rabin yini. A ɗakin akwai daraktan wasanni, da Koci Dana, da Hajiya Fati, da Zara da abin ɗaure hannu, idonta a ƙasa. Alhaji Seidu yana gefe, yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi kamar kullum. Ya amsa bai kalle ni ba.

Raket ɗin na kan tebur a cikin leda. Darakta ya yi bayani mai tsawo, Hajiya ta yi nata. Sannan aka zo kaina. Na roƙi Koci Dana ta kawo duk wani raket na ajiya da na ɗaura tun Maris, wanda bai je babban kanti ba. Ta dawo da bakwai. Na jera su. Na ce da darakta ya ƙirga ƙulli da kansa.

Biyu. Biyu. Biyu. Har bakwai.

Na ce ya taɓa bakin kowanne. A yanke, tsaf.

Sannan na ce ya buɗe ledar.

"Huɗu," in ji shi.

Na ce, "Wannan tsirkiyar ba mu da irinta a shago. An ɗaure ta sama da sittin. An yi ta gida biyu. Kuma an ƙona bakinta da wuta. Ni ba na ƙona bakin tsirkiya. Wanda ya koya mini ga shi nan zaune, shi ma ba ya yi. Liƙen nawa ne, tun Maris yake nan. Aikin ba nawa ba ne."

Darakta ya ce, "To na wane ne?"

Na ji idon Baba a kaina. Na ce, "Abin da na sani ke nan na faɗa."

Hajiya Fati ta jawo raket ɗin gabanta, tana huci, kamar za ta nuna ƙaryata. Ta sa yatsa a kan dunƙulen farko. Ta murza shi. Ta matsa kan na biyu. Na ga hannunta ya tsaya. Matar da ta shekara ashirin tana shanya a igiyar da aka ƙone bakinta haka, tana ɗaure akwatunan Kumasi da irinta, ba sai an gaya mata ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ko juyawa sosai ba ta yi ba.

Ta ce, "Alhaji, ina laitarka?"

Carbin ya tsaya. Zara ta kifa kai a kan tebur ta fara kuka.

Darakta ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce me aka ce? Babu wanda ya fassara masa. Gwaggo ta buɗe baki, na taka mata ƙafa. Ya tattara takardunsa ya ce za su duba, za a sanar da ni. Haka muka fito, takardar hanin tana nan daram. A mota Gwaggo ta yi ta faɗa, wai na samu dama na yi wasa da ita, in mutumin ya yi shiru fa? Laraba ta zo ta wuce, waya ba ta yi ƙara ba. Na ɗaura raket uku ranar, na yanke ɗaya na sake.

Ranar Alhamis ina tsakiyar layukan kwance na raket ɗin wani tsohon direban bas, sai ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Koci Dana ce, da ƙatuwar jaka a kafaɗa da farar ambulan a hannu. Na ga ambulan ɗin, na dafa inji.

Ta ce mahaifin Zara ya je ofis da kansa da safen nan, shi da matarsa. Ya ce ya sayi ƙaramin inji ya ajiye a gareji, ya ɗaura wa 'yarsa da hannunsa don ta ƙara ƙarfin bugu kafin gasar gunduma, bai gaya wa kowa ba. An janye takardar. Babu sunana a ko'ina, ba wurin 'yan sanda, ba wurin lauya, ba a fayil ɗin makaranta. Ta ce, "Murja, kin fita. An gama." Ta faɗa sau biyu, don ta ga ban motsa ba.

Na dubi agogon da ke saman kanta. Huɗu saura minti ashirin.

Baba ya ce, "Mi ta ce?"

"Ta ce an gama, Baba."

"Alhamdu lillahi." Ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, "To kin bar matsi buɗe, raket ɗin mutane na sakewa."

Koci Dana ta zazzage jakar a kan tebur. Raket goma sha ɗaya, gasar gunduma jibi Asabar, yara sun ce ba sa son kaskon suya. A ƙasan su duka ga na sha biyu, har yanzu cikin ledarsa. Ta ce Hajiya ce ta ce a kawo mini, wai in cire abin nan daga kayan 'yarta, in sa mata fara mai laushi, ko da sai baɗi za ta buga.

Har yau in na ji wannan "kas" ɗin a wani fili sai na tsaya cak. Ranar dai na ɗauki abin yanka, na fara daga tsakiya zuwa gefe, yadda aka koya mini. Ƙullin nan huɗu ban zubar ba. Na zuba su a ƙaramar kwalba, na ajiye a kan kanta, daidai inda kuke jingina.

Suna nan. Kafin ku sake ce mini inji ke yi, ku ɗauki kwalbar ku duba.